Shekarar Da Na Zama Aji Huɗu

Shekara takwas na yi ina sharar wata makarantar firamare a unguwar Sukra ta garin Sabha kafin korona ta zo, kuma a duk shekarun nan ban taɓa zama kan kujerar ɗalibi ba, sai dai in ɗaga ta in share ƙarƙashinta. Ni 'yar Damagaram ce. Maigidana ya riga ni ƙetare hamada zuwa Sabha, ƙasar Larabawa, yana aikin gona a Wadi Bawanis, ni kuma na biyo shi daga baya na sami tsintsiya da bokiti. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi ba. Ranar da masu rubuta yara suka zo ƙauyenmu, cikin rumbu babana ya saka ni tare da gero, ya ce ko tari kada in yi. Abin da na sani na boko bai wuce lambobin waya ba, su ma don ina kiran gida ne.

Amma makaranta na san ta ciki da bai, ta ƙasa dai. Na san ajin da ake cin 'ya'yan kabewa a ɓoye, na san malamar da ke tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur, na san aljihun da mudir, wato shugaban makaranta, yake ɓoye sigarinsa bayan ya gama yi wa yara wa'azi a kan illar taba.

Da aka ce an rufe makarantu, na ce to shi ke nan, in babu yara wa zai zubar da shara? Na koma gida na zauna. Mako biyu da 'yan kwanaki sai ga wayar mudir, wai in zo gobe da sassafe, in sa takunkumi, akwai babban taro.

Taro ne da aka kira don a tsara yadda mutane za su yi nesa da juna, amma ban taɓa ganin cunkoso irinsa ba. Shugabannin makarantun shiyyarmu duk sun zo, har da na ƙauyuka. A bakin ƙofa kowa zai miƙa hannu in fesa masa maganin nan mai warin asibiti, ya murza sosai, yana shiga kuma sai ya rungumi na farkon da ya gani, su yi ta buga kafaɗa suna tambayar lafiyar iyali. Takunkumi kuwa duk a haɓa yake, kamar gemun aro. Na raba shayi da ƙananan kofuna goma sha biyu da muke da su, wannan ya sha in ɗauraye a kwano ɗaya in ba wancan.

Wani sufeto ne ya zo daga ofishin ilimi, dogo, mai ƙamshin turare, da na'urar da ke haska rubutu a bango. Ya miƙe ya gyara murya ya ce, “'Yan'uwa, duniya ta ci gaba. Daga yau makaranta ba gini ba ce.” Bai rufe baki ba wuta ta ɗauke. Bango ya koma bango. Aka ci gaba da taron cikin zafi, kowa yana fifita da takardar tsarin karatu daga nesa.

Wani tsohon shugaban makaranta daga ƙauyen Ghuddwa ya ɗaga hannu. Ya ce shi a unguwarsu in mutum yana son waya ta shiga sai ya hau rufin ɗaki, wani lokaci ma sai ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Shin yaran za su riƙa hawa da littattafansu ne, ko a sa musu allo a can saman? Sufeto ya ce tambaya ce mai muhimmanci, ya rubuta ta a takarda. Ni na share ɗakin bayan an tashi, kuma na ga takardar a ƙarƙashin kujera.

Abin da aka yanke shi ne kowace makaranta ta ɗauki darussan fanni ɗaya a bidiyo, a tara, a raba wa yara. Mu aka ba mu lissafin aji huɗu, saboda muna da Abla.

Malamai mata duk abla ake ce musu a can, amma a makarantarmu in aka ce Abla kawai, mutum ɗaya ake nufi. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba, ta kusa shekara talatin tana koyar da lissafi. Ba ta duka. Kallo take yi. Na ga magidanci mai gemu ya zo ɗaukar ɗansa, ya hango ta, ya jefar da sigari ya taka ya ɓoye hannu a baya. Mudir kansa ita ta koyar da shi, kuma ba ta manta makinsa ba. A shekara takwas maganar da ta haɗa ni da ita ba ta wuce gaisuwa ba, sai “akwai ƙura a kan taga.”

Mai ɗaukar bidiyon kuma wata 'yar'uwar matar mudir ce, matashiya mai fara'a, sana'arta ɗaukar bikin aure a ɓangaren mata. An hana taron biki, kayan aikinta suna zaune, sai aka ce ai ɗauka ɗauka ce.

Ɗakin littattafai muka gyara. Mai bidiyo ta tafa hannu ta ce ɗakin yana amsa murya, don haka na kwashe yini ina rataya barguna da tsofaffin dardumai a bango har wurin ya koma kamar shagon gwanjo. Injin wuta aka kai can ƙarshen fili aka jawo doguwar waya, duk da haka ana jin gurnaninsa. Aka kafa allo, aka kunna fitilun biki guda biyu masu zafi, Abla ta shigo da alli a hannu.

“Bismillah, mun fara,” in ji mai bidiyo.

Abla ta dubi na'urar. Ta buɗe baki. Ta rufe. Matar da muryarta ke tsallake azuzuwa uku ta tsaya kamar wadda aka kama da kayan sata. Da maganar ta fito kuma, sai ta fito a hankali, kai ka ce sanarwar rasuwa take karantawa.

“Abla, ki ɗan yi murmushi,” in ji mai bidiyo. “Ki juyo da kafaɗa haka, ki ɗan sunkuyar da kai.”

“Ni amarya ce?”

“A'a, Abla.”

“To ɗauki allo.”

Ita ma mai bidiyon hannunta ya saba da biki. Da Abla ta ɗaga alli, sai ta matso da hoton kan yatsunta tana neman lalle da zobe. Da aka duba abin da aka ɗauka a ranar farko, furanni ne ke zubowa daga sama a kan lambobi, ga wani ɗan kiɗa a ƙasa. Mudir ya ce ya yi kyau. Abla ta kalle shi, ya ce to amma za a iya sakewa.

Kwana biyu ana haka. A rana ta uku mai bidiyo ta kawo dabara. Ta zana fuska a kwali, ta ɗaura a kan sandar da nake goge ƙasa da ita, ta yafa mata gyale, ta jingina a kujerar gaba. Abla ta daɗe tana kallon abin.

“Wannan ta fi wasu iyayen yara natsuwa,” ta ce. “Amma ba ta kuskure. Ni aikina gyara kuskure ne. In babu mai kuskure, me zan tsaya yi a nan?”

Ni lokacin ina bakin ƙofa, ina jiran a gama wasa a ba ni sandata in goge baranda. Sai na ga idon nan ya sauka a kaina. Na fara tunanin tagar da na manta.

“Hajja,” ta ce, don haka suke kiran duk mace mai shekaru ko ba ta je Makka ba, “kin yi makaranta?”

“Sai dai da tsintsiya, Abla.”

“Ko aji ɗaya?”

“Ko rabin aji.”

“Alhamdulillahi,” ta ce. “Zauna.”

Tun da aka haife ni ba a taɓa gode wa Allah saboda jahilcina ba sai ranar. Aka cire mai kan kwali, na zauna a gurbinta, bayan na'ura, inda ba za a gan ni ba. Kujerar ta 'yan shekara tara ce, ni kuma Allah bai rage ni ba ta baya. Rabina ya zauna, rabi yana jiran layi.

Abla ta juya ga allo ta rubuta ɗaya, ta ja layi, ta sa uku a ƙasa. Gefe kuma ɗaya, layi, huɗu a ƙasa. Ta ce wannan sulusi, wannan rubu'i. “Wanne ya fi girma?”

Na duba bayana. Babu kowa sai bargo.

“Ke nake tambaya. Ɗaga hannu tukuna.”

Na ɗaga. Na ce da Larabcina na kasuwa, “Mai huɗun.”

Wallahi sai na ga fuskar matar nan ta waye kamar an yi mata albishir da Hajji. Ta matso, murya ta dawo, har bargunan suka kasa shanye ta. “Me ya sa?”

“Huɗu ta fi uku, Abla. Ko a Damagaram haka ne.”

Ta fita, muka ji ta buɗe ofishin mudir ba sallama, ta dawo da dogayen burodinsa biyu na karin kumallo. Ta ɗaga ɗaya ta ce mata uku za su raba, ta ɗaga ɗayan ta ce mata huɗu. “Kina jin yunwa. Wajen su wa za ki zauna?”

“Ya danganta da su wane ne ukun,” na ce. “In da ƙanwar maigidana a ciki, gara in tafi wajen huɗun.”

Na'ura ta yi ta rawa saboda mai bidiyo ta kasa riƙe dariya. Abla ko gezau. Ta yanka burodin a gabana, wannan gida uku, wancan gida huɗu, ta ɗauki yanki ɗaya daga kowanne ta ɗora mini a kan tebur, gefe da gefe. “Lambar ƙasa ba abinci ba ce,” ta ce. “Bakuna ne. In bakuna suka yi yawa fa?”

Na dubi burodi, na dubi allo, na sake duban burodi. Abin da na sani tun ina yarinya a gindin murhu, abin da nake yi kullum in baƙi sun faɗo ana tsakiyar cin tuwo, ashe shi ne aka rubuta da layi a tsakani. Ashe yana da suna. Ashe shi ne abin da aka ɓoye ni a rumbu don kada in gani. Na ja takunkumi na goge ido da shi.

“Sulusi,” na ce daga baya.

“Sulusi me?”

“Ya fi girma, Abla.”

“To. Ba a cin abinci a ajina, ajiye burodin.”

Haka na zama aji huɗu, ni kaɗai. Da safe in share fili da babu wanda ya ɓata shi, in fesa magani a ƙofofin da babu mai taɓawa, ƙarfe tara in shiga in matse a kujera. Abla ba ta rage mini komai ba. Ta hana ni cin goro. Ranar da na makara saboda motar haya ta tsaya a shingen bincike, ta sa ni tsayuwa minti biyar a jikin bargo, kuma duk an ɗauka. Ni ma ban rage mata ba. In ban gane ba sai in ce, “Abla, ban gane ba,” ta sake, in sake cewa ban gane ba, har sai ta nemo dabino ko igiya ko kofin shayi ta nuna mini. Wata rana na ce mata rabi biyu ba sa taɓa zama daidai, wanda ya riƙe wuƙa shi ke da babban rabi. Ta ce wannan ba lissafi ba ne, siyasa ce, mu ci gaba.

Mun kai darasi na tara sufeto ya zo dubawa. Ya zauna a ofishin mudir, na kawo masa shayi, aka kunna masa. Ya ɗan saurara ya ɗaure fuska.

“Muryar wace ce wannan?”

Mudir ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur.

“Larabcin nan a karye yake,” in ji sufeto. “Yara za su koyi maganar kasuwa. A yanke ta.”

Ina tsaye da faranti a hannu, amma mai shara kamar kujera take, ba a jin kunyar magana a gabanta. Mai bidiyo ta ce in aka yanke muryar, abin da zai rage shi ne Abla tana yi wa iska faɗa, tana ba iska burodi. Sufeto ya ce to a sake ɗauka da yarinya mai ƙoƙari. Abla ta shigo daidai nan, ban san wanda ya kira ta ba.

“Ustaz,” ta ce, “mai ƙoƙari ba ta bukatata. Yaran da ke zaune a gida yanzu, rabinsu tambayar nan ce a bakinsu, kunya ke hana su yi. Ita ba ta da kunya.”

Ban san ko yabo ba ne, amma na karɓa. Sufeto ya kalli agogo, ya ce lokaci ya ƙure, a bar shi haka na wucin gadi. Ya sha shayin da na dafa, ya ce ya yi daɗi, bai san ɗalibar ce ta dafa ba.

Raba darussan ya fi ɗaukar su wuya. An ce an zuba su a wani shafi na intanet, amma duk wanda na tambaya sai ya ce shafin yana ta juyawa kamar dutsen niƙa, ba ya buɗewa. Gida mai yara biyar waya ɗaya ce, ita ma tana aljihun uban, uban yana layin mai. In waya ta samu wuta babu, in wuta ta zo yaro ya gano inda ake wasan ƙwallo a cikin wayar. Yara da yawa ba su ga ko darasi ɗaya ba, wannan gaskiya ce, kuma Abla ta sani. Abin da ya yi aiki shi ne ɗan katin nan da ake sa wa waya, da kuma turawa daga waya zuwa waya a bakin shago. Tsohon nan na Ghuddwa da kansa ya zo da buhun dabino a bayan mota, ya ajiye mana, ya karɓi kati ya koma.

Maƙwabciyata, 'yar Tanut a can ƙasarmu, tana da 'yan mata biyu da ba a taɓa rubuta su a makaranta ba saboda rashin takardu. Ta ji labari ta kawo wayarta, mai bidiyo ta zuba mata. Ta katanga nake jin su da rana, muryar Abla tana tambaya, su suna rige-rigen amsawa kafin ni. Sau da yawa suna riga ni.

Maigidana ban gaya masa komai ba. Ran Alhamis yake dawowa daga gona. Wata Alhamis ya shigo da la'asar, bai ko cire takalmi ba ya tsaya a kaina.

“Ke, me kike yi a makarantar nan?”

“Shara.”

“Shara ce ke cewa ‘Abla, ban gane ba’?”

Ashe 'ya'yan mai gonar suna kallon darasin a ƙarƙashin bishiyar dabino, shi yana gyara bututun ban ruwa kusa da su, sai ya ji muryar matarsa ta fito daga waya tana gardama a kan burodi. Ya ce bututun ya kufce masa, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Yaran gidan duk sun ɗauki maganar, in uwarsu ta aike su sai su ce “Abla, ban gane ba” da irin muryata.

“Kin gaya wa duk yankin nan na Fezzan cewa ƙanwata tana da ci,” ya ce.

“Ƙarya na yi?”

Ya zauna ya cire takalmin. Can ya ce, “Ban ce musu na san ki ba.” Sai da ya ci abinci ya wanke hannu ya ƙara da cewa, “Amma wancan na igiya, da aka ce a raba ta biyar a ɗauki biyu, ni ma na gane shi. Kin daɗe ba ki gane ba, wallahi har na ji haushi.”

Mako na gaba ya gaya musu ni matarsa ce. Matar mai gonar ta aiko mini da kwalin tumatir.

Ba cuta ce ta tsayar da ɗaukar ba, aure ne. Da aka ɗan sassauta, mutanen da suka yi watanni suna jira suka fara biki a ɓoye da bayyane, mai bidiyo ta kwashe fitilunta ta tafi, muna tsakiyar lambobi masu ɗigo. Na sauke barguna na kakkaɓe, na mayar da littattafai.

Daga baya aka buɗe makaranta, rabin yara da safe rabi da hantsi. Suna ta gardama a fili a kan wace ce mai muryar, wasu na cewa kakar mudir ce. Na yi kwana biyu ina shara baki rufe. A na uku wasu suka bi ta kan barandar da na gama gogewa da takalma cike da yashi, na daka musu tsawa, sai fili ya yi tsit, sannan ya fashe da ihu, sun gane muryar. Har yau akwai manyan 'yan mata da ke tare ni a kasuwa su ce in faɗa musu “Abla, ban gane ba” ko sau ɗaya.

Ni abin da ya dame ni lambobi masu ɗigon nan ne da aka bar ni a tsakiyarsu. Na sami mudir na ce ko zai bar ni in riƙa zama a bayan ajin Abla. Ya sosa kai ya ce babu wannan a ƙa'ida, in sufeto ya gani fa, kuma ma shekaruna sun wuce na rajista. Na ce na gode, na ɗauki bokitina.

Washegari Abla ta tare ni a baranda, fuska a ɗaure kamar kullum, mudir yana tsaye yana ji.

“Hajja, tagogin bayan ajina sun yi datti. Daga ciki. Ki riƙa zuwa kina goge su kullum, ƙarfe tara zuwa goma saura kwata.”

“Kullum, Abla?”

“Kullum. Kuma ki zo da fensir.”

Mudir ya buɗe baki, ta kalle shi, ya tuna yana da waya da zai amsa a ofis. Tagogi uku ne. Na goge su har ƙarshen shekara.